Kallon Makaɗan Rok a Dandali: Tsarin Dare Guda a Birnin Kadif

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutum zai iya yin shekara ashirin yana sauraron waƙoƙin wata ƙungiya a faifai ko a kaset ko a wayar hannu, amma ran da ya tsaya gaban dandamali ya ga masu waƙar da idonsa, to ranar ce zai riƙa ba da labarinta. Wannan ne ya sa manya da matasa a ƙasashen Turai da Amurka suke kashe kuɗi masu yawa, su yi doguwar tafiya, domin su kalli makaɗan rok na tsawon sa'a biyu kacal. Abin da wanda bai taɓa zuwa ba bai cika sani ba shi ne, sa'o'in nan biyu su ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Kafin su akwai watanni na neman tikiti da masauki, bayansu kuma akwai hanzarin cim ma jirgin ƙarshe.

Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda ake tsara irin wannan dare, da dalilin da ya sa aka tsara shi haka, da kuma abin da mai kallo yake yi domin kada ya yi asarar kuɗinsa ko lafiyarsa. An ɗauki misali ɗaya za a bi shi daga farko zuwa ƙarshe, watau wasan da ƙungiyar Oasis ta yi a Kadif, babban birnin yankin Wels na ƙasar Birtaniya, ranar Juma'a 4 ga Yuli, 2025. Inda bukata ta kama za a kawo misalai daga wasu wurare. Abin da za a gani shi ne, kiɗan da ya tashi da sunan bijire wa tsari, a yau ba a iya kallonsa sai an bi tsari, kuma agogo ne yake mulkin daren tun daga buɗe ƙofa har zuwa tashi.

2.0 Kiɗan da Makaɗansa

Rok kiɗa ne na jita mai amfani da lantarki. Ya tsiro a Amurka cikin shekarun 1950, galibi daga kiɗe-kiɗen baƙar fata na can, sa'an nan ya haura Birtaniya. Ƙungiyar rok ba ta cika wuce mutum huɗu zuwa shida ba. Akwai mawaƙi wanda yake a matsayin jagora, da mai jita ɗaya ko biyu, da mai jitar bas wadda take da kaurin amo, da kuma mai ganguna wanda yake zaune daga baya yana daidaita musu tafiyar kiɗan.

Reshen rok da ake magana a kansa a nan, Turawa suna kiransa altanatib, watau kiɗan da aka zaɓa a madadin wanda ya cika kasuwa. A wannan takarda za a kira shi rok na gefe. Ya kafu ne a farkon shekarun 1980, a hannun ƙananan kamfanonin faifai masu zaman kansu, da gidajen rediyon ɗalibai na jami'o'in Amurka, da ƙananan ɗakunan wasa waɗanda ba su ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwan mutane. Daga cikin ƙungiyoyinsa na farko akwai R.E.M. wadda aka kafa a jihar Jojiya a 1980, da The Smiths ta birnin Mancesta a 1982. Al'amari ya juya a watan Janairun 1992, sa'ad da faifan ƙungiyar Nirvana mai suna Nevermind ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saya a Amurka. Tun daga nan kiɗan gefe ya shigo tsakiyar kasuwa, sunan kawai ya rage masa.

Ita Oasis an kafa ta ne a Mancesta a 1991, kuma ginshiƙanta wa da ƙani ne, watau Noel Gallagher mai jita wanda yake tsara yawancin waƙoƙin, da ƙaninsa Liam wanda yake rera su. A watan Mayun 1993 sun yi wasa a wani ɗaki a birnin Gilasgo mai ɗaukar mutum 300, inda shugaban kamfanin Creation, Alan McGee, ya gan su ya ɗauke su. Faifansu na farko ya fito a 1994, na biyu a 1995. A watan Agustan 1996 suka yi wasa na dare biyu a Knebworth, mutum 125,000 a kowane dare. A ranar 28 ga Agusta, 2009, 'yan'uwan biyu suka yi faɗa a birnin Faris ana gab da hawa dandamali, ƙungiyar ta watse. Shekara goma sha biyar bayan haka, a ranar 27 ga Agusta, 2024, aka yi shelar sun shirya, za su sake zagayen wasa. Wasan Kadif shi ne na farko a wannan zagaye, wanda ya ƙunshi wasanni 41, aka rufe shi a ƙasar Barazil cikin watan Nuwamban 2025.

3.0 Tikiti

Shirin daren 4 ga Yuli, 2025 ya fara ne tun ranar Asabar 31 ga Agusta, 2024, watau wata goma kafin lokaci, ran da aka buɗe sayar da tikiti ta intanet da ƙarfe 9 na safe. Ba a zuwa wani taga a tsaya. Mai saye zai shiga shafin kamfanin da yake sayarwa, na'ura ta ba shi lamba a layi, ya zauna yana kallon lambar tana raguwa. A ranar, mutane da yawa sun ga dubun dubata a gabansu, suka yini a layi, wasu kuma shafin ya watsar da su bayan sun kai gaba. An ƙayyade wa kowane gida tikiti huɗu, domin a rage wa 'yan baranda ƙarfi.

Tikiti iri biyu ne. Akwai na kujera, wanda yake ɗauke da lambar wurin zama, mai shi ko ya makara wurinsa yana nan. Akwai kuma na tsaye, wanda yake ba mutum izinin shiga tsakar fili, amma bai ba shi wani wuri na musamman ba, wanda ya riga zuwa shi zai kusanci dandamali. Wannan zaɓi shi ne yake yanke wa mutum yadda yininsa zai kasance. Mai tikitin kujera zai iya cin abincin yamma a gari ya shigo a natse. Mai tikitin tsaye kuwa, in yana son gaba, sai ya ba da yininsa duka ga layin ƙofa.

Sayar da tikitin ya bar baya da ƙura. Wasu sun shiga layi da sanin cewa tikitin tsaye kimanin fam 148 ne, da suka kai gaba bayan sa'o'i sai suka tarar ya zama kimanin fam 355, kuma an ba su 'yan mintoci kaɗan su saya ko su bari. A cikin watan Satumban 2024 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a kan kamfanin Ticketmaster. A watan Maris na 2025 ta bayyana cewa an kasa tikitin tsaye gida biyu ne, aka fara sayar da masu araha, da suka ƙare aka fito da masu tsada, ba tare da an gaya wa masu layi tun farko ba. A watan Satumban 2025 kamfanin ya ɗauki alkawarin zai riƙa sanar da masu saye sa'a 24 kafin a buɗe kasuwa idan za a yi irin wannan farashi mai hawa-hawa. Wannan rigima ba sabuwa ba ce a tsakanin makaɗan rok na gefe, domin kuwa tun a 1994 ƙungiyar Pearl Jam ta kai ƙarar kamfanin nan ga ma'aikatar shari'a ta Amurka a kan kuɗin da yake ɗorawa bisa farashin tikiti, har biyu daga cikin makaɗanta suka ba da bahasi a gaban majalisar dokoki.

Wanda bai samu ba a ranar farko, hanya ɗaya mai aminci ta rage masa, ita ce shafukan da ƙungiyar ta amince a mayar da tikiti a kan farashinsa na asali, kamar Twickets. Masu shirya wasan sun yi gargaɗin za su soke duk tikitin da aka sayar ta wata hanya dabam. Da yake tikitin yanzu a cikin manhajar waya yake, mai kallo yakan tabbata ya sauke shi tun daga gida, kuma wayarsa tana da isasshen caji, domin idan mutum dubu saba'in suka taru wuri ɗaya layin waya yakan cushe.

4.0 Wuri, Hanya da Masauki

Filin da aka yi wasan an buɗe shi ne a 1999 domin gasar ƙwallon zari-ruga ta duniya. Da farko sunansa Millennium, a 2016 aka mayar da shi Principality. Yana ɗaukar mutum kimanin 74,000, yana da rufi wanda ake buɗewa a rufe, kuma yana zaune a tsakiyar gari a bakin kogin Taff, 'yan mintoci kaɗan a ƙafa daga babbar tashar jirgin ƙasa. Wannan zama nasa a tsakiyar gari yana da amfani, yana kuma da wahala. Amfaninsa shi ne wuraren cin abinci da masaukai suna kusa. Wahalarsa kuwa ita ce, a ranar babban taro hukumar gari takan rufe titunan da suke kewaye da shi, mota ba ta kusanta. Saboda haka wanda ya zo da mota sai ya ajiye ta a bayan gari ya ƙarasa a bas, yawancin baƙi kuma jirgin ƙasa suke bi. Daga Landan zuwa Kadif tafiyar kimanin sa'a biyu ce.

A nan ne mai kallo yake yanke shawara ta biyu bayan ta tikiti: zai kwana ne ko zai koma gida a daren? In zai kwana, to sai ya kama ɗaki tun ran da aka yi shelar wasan, domin da zarar an faɗi rana farashin masauki yakan yi tashin gwauron zabo, kuma garin ba shi da ɗakunan da za su ɗauki baƙin duka. Waɗansu sukan sauka a garuruwan da suke kusa, kamar Newport ko Bristol, su shigo a jirgi. In kuwa zai koma, to abu na farko da zai nema shi ne lokacin jirgin ƙarshe, sa'an nan ya lissafa baya daga nan. Shirin zaune, in ji Hausawa, ya fi na tsaye.

5.0 Jadawalin Dare

Ana saura 'yan kwanaki, masu shirya wasan suka fitar da jadawali kamar haka: buɗe ƙofa ƙarfe 5 na yamma, ƙungiyar Cast ƙarfe 6, Richard Ashcroft ƙarfe 7, Oasis ƙarfe 8 da kwata, tashi ƙarfe 10 da rabi. Ya kamata a tuna cewa a farkon watan Yuli rana ba ta faɗuwa a kudancin Birtaniya sai bayan ƙarfe 9, don haka yawancin wannan jadawali da sauran hasken rana ake yin sa. Kowane mataki a cikinsa yana da aikin da yake yi.

5.1 Buɗe Ƙofa

Tsakanin buɗe ƙofa da fitowar manyan makaɗa akwai sa'a uku da kwata. Ba don wahalar da mutane aka yi haka ba. Kowane mai shiga sai an duba tikitinsa an laluba jikinsa, an kuma binciki jakarsa. In mutum dubu saba'in suka iso cikin rabin sa'a ɗaya, ƙofofin ba za su iya haɗiye su ba, cunkoson da zai taru a waje kuwa shi kansa haɗari ne. Tsawaita lokacin shiga hanya ce ta rarraba taron. Binciken ƙofa ya ƙara tsanani tun bayan harin bom da aka kai a zauren wasa na Mancesta ranar 22 ga Mayu, 2017, wanda ya kashe mutum 22, kuma a watan Afrilun 2025 aka sa hannu a kan wata doka wadda ta ɗora wa masu wuraren taro nauyin yin tanadi game da irin wannan hari. Saboda haka babbar jaka ba ta shiga, kuma mai hankali yakan zo da abin da aljihu zai ɗauka kaɗai. Kowane tikiti yana ɗauke da lambar ƙofar da mai shi zai bi, wanda bai karanta ba sai ya zagaya fili cikin taro.

Batun abinci ma a nan yake shigowa. A cikin fili ana sayar da abinci da abin sha, amma da tsada, ga kuma dogon layi. Mai tikitin tsaye da ya kama wuri a gaba, in ya fita neman abinci ko bayan gida, da wuya ya koma inda yake. Wannan ya sa akan ci abinci mai nauyi tun da la'asar kafin a shiga. Abokan tafiya kuma sukan ajiye wani wuri a waje inda za su haɗu in sun rabu, tun da ba a dogara ga waya.

5.2 Sharar Fage

Ba a fara wasa da manyan makaɗa. Akan gabatar da ƙungiya ɗaya ko biyu su share fage, kowace ta yi rabin sa'a zuwa minti arba'in da biyar. Aikinsu shi ne su jawo mutane su shigo da wuri, su kuma ɗumama taron. Ladansu kuwa shi ne su tsaya gaban jama'ar da ba za su iya tarawa da kansu ba. Tsakanin ƙungiya da ƙungiya akan bar tazara, ma'aikata su kwashe kayan kiɗan waɗanda suka sauka su gwada na masu hawa.

Waɗansu masu kallo sukan raina 'yan sharar fage, su zauna a gari sai ƙarfe 8 ta gabato. Tarihin Oasis kansa ya isa ya nuna kuskuren yin haka, domin a daren Gilasgo na 1993 su ne ƙananan baƙi a ƙasan jerin masu wasa. Har ila yau, a ƙarshen shekarar nan ta 1993 Oasis ce take share wa ƙungiyar Verve fage, wadda Richard Ashcroft yake jagoranta. Bayan shekara talatin da biyu, ga shi a Kadif shi ne yake share musu.

5.3 Babban Wasa

Da ƙarfe 8 da kwata 'yan'uwan biyu suka fito tare, hannu riƙe da hannu, karo na farko cikin shekara goma sha shida. Tare da su akwai Paul Arthurs da Gem Archer a kan jita, da Andy Bell a kan bas, da Joey Waronker a kan ganguna. Sun yi waƙa 23 cikin kimanin sa'a biyu, yawancinsu daga shekarun 1994 zuwa 1997. An jera su ne da lissafi: aka fara da masu zafi a jere domin a tayar da taron, a tsakiya Liam ya sauka ya huta Noel ya karɓi rerawa da waƙoƙi masu sanyi, sa'an nan aka sake hawa. Jerin nan kusan bai canja ba a sauran zagayen, domin fitilu da hotunan da ake haskawa a manyan alluna duk an ɗaura su a kansa tun wurin gwaji. Tun daga dare na biyu, duk mai son sanin abin da za a rera da lokacin da za a rera shi yana iya dubawa a intanet.

Ɗalibin waƙar baka zai lura da abu biyu a nan. Na farko, a dandamali babu 'yan amshi irin waɗanda aka saba gani bayan jagora, jama'ar da ta biya kuɗi ita ce 'yan amshi. Kowa ya haddace waƙoƙin daga faifai, saboda haka in an zo gindin waƙa sau da yawa mawaƙin yakan ja da baya daga makirfo ya bar wa taro. Wanda ya zo bai san kalmomin ba ya rasa rabin abin da ya kawo shi, don haka sake sauraron faya-fayan ƙungiyar a makonnin da suke gabanin wasa yana cikin shiri. Na biyu, makaɗin da yake wasa a gidan biki yakan tsawaita waƙa ko ya sako sabon ɗa gwargwadon wanda ya shigo da kyautar da aka yi masa. A nan kuwa an biya kuɗi tun wata goma da suka wuce, kowa daidai da kujerarsa, babu wanda za a wasa da suna, babu kuma abin da zai sa a ƙara minti goma.

Duk da haka taron yana da nasa wasa. A wata waƙa Liam ya umarci jama'a su juya wa dandamali baya, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi su riƙa tsalle tare, al'adar da magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Manchester City suka aro daga 'yan kallon ƙasar Folan a 2010. A tsakar fili kuma akan yi ta watsa kofunan giya sama, wanda ya tsaya a can ya san tufafinsa ba za su koma gida a bushe ba.

Inda mutum ya tsaya yana da tasiri ga abin da zai ji. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka wanda yake nesa da mita 100 zai ga bakin mawaƙi ya motsa a allo kusan sulusin daƙiƙa kafin muryar ta iso shi. Domin gyara wannan akan kafa waɗansu lasifikoki a tsakiyar fili, a jinkirta su kaɗan yadda amonsu zai haɗu da wanda yake tahowa daga gaba. Injiniyan da yake daidaita sautin yana zaune ne a wata rumfa a tsakar fili yana fuskantar dandamali, kuma da kunnensa yake aunawa. Saboda haka kusa da rumfarsa aka fi jin kiɗan yadda aka nufa.

5.4 Gyara

Bayan waƙa ta goma sha tara makaɗan suka sauka kamar an gama. Jama'a suka yi ta tafi da sowa, bayan 'yan mintoci suka dawo suka ƙara huɗu. Wannan ƙari kamar gyara ne da mai awo yake yi wa mai saye. Asalinsa a can da, sai wasa ya yi armashi jama'a sun nace kafin a yi shi. A yau kuwa yana cikin jadawali, kowa ya san za a yi, har mafi shaharar waƙoƙi akan ajiye masa. Oasis ta ajiye Don't Look Back in Anger da Wonderwall da Champagne Supernova ne a wannan kashi na ƙarshe. Alamar da ake gane an gama da gaske ita ce a kunna manyan fitilun fili. Muddin suna kashe, to da sauran magana.

6.0 Wa'adin Tashi

Ƙarfe 10 da rabi ba zaɓin makaɗa ba ne. A Ingila da Wels, bisa dokar lasisi ta 2003, ƙaramar hukuma ce take ba wurin taro izinin yin kiɗa, kuma takan gindaya sharuɗɗa game da lokaci da ƙarfin amo, saboda maƙwabta da kuma sufuri. Wurin da ya saɓa yana iya rasa lasisinsa. Babu wanda girmansa ya fi ƙarfin wannan wa'adi. A ranar 14 ga Yuli, 2012, a dandalin Hyde Park na Landan, Bruce Springsteen da Paul McCartney suna kan dandamali tare lokaci ya wuce, masu shirya taron suka kashe musu makirfo.

A nan ne lissafin mai kallo yake kai ga gaɓa mafi wuya. Mutum dubu saba'in za su fito lokaci ɗaya, da yawansu tasha ɗaya suka nufa. A Kadif akan kafa shinge a gaban tashar, a raba mutane layi-layi bisa ga garin da za su, a riƙa shigar da su kashi-kashi. Tafiyar minti biyar sai ta zama jiran sa'a guda. Wanda jirginsa na ƙarshe yake kusa yana da zaɓi biyu. Ko dai ya fita kafin gyara ya riga taro, ya bar waƙoƙin da ya jira shekara goma sha shida ya ji, ko kuwa ya tsaya har ƙarshe ya yi kasadar kwana a tasha. Wanda ya kama masauki tun wata goma baya, wannan zulumi ne ya saye kansa daga gare shi. Wanda bai kama ba, dabararsa ita ce ya matsa kusa da ƙofar fita sa'ad da makaɗa suka yi saukar farko, ya saurari gyara daga can.

7.0 Lafiyar Mai Kallo

Abu biyu ne suke barazana ga mai kallo, amo da cunkoso. Ana auna ƙarfin amo da desibel. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bi shi ne desibel 85 na tsawon sa'a takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda desibel 100 bai kamata ya wuce minti 15 ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin amo a wuraren kiɗa ya haura desibel 100. Ke nan ko a wurin da aka bi shawarar, wasan sa'a biyu ya ninka abin da kunne zai ɗauka sau da yawa. Kukan da kunne yake yi bayan an tashi alama ce ta rauni, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne in sun mutu ba su sake tsirowa. Maganin abin ɗan matoshin kunne ne mai araha, wanda yake rage amo ba tare da ya hana jin kiɗa ba.

Cunkoso kuwa ya sha cin rayuka. A ranar 3 ga Disamba, 1979, mutum 11 suka mutu a ƙofar wasan ƙungiyar The Who a birnin Cincinnati na Amurka, wajen rige-rigen kama wuri. A ranar 30 ga Yuni, 2000, mutum 9 suka mutu a gaban dandamali a bikin Roskilde na ƙasar Denmak, Pearl Jam tana cikin wasa. Bayan haka ne aka ƙara ba da ƙarfi ga raba gaban dandamali da shingayen ƙarfe, da ƙayyade yawan masu shiga kowane sashe, da ba ma'aikata ikon tsayar da wasa in sun ga alamar matsi. Abin da ya rage ga mai kallo shi ne ya san ƙofar fita tun da ya shiga, ya sa takalmi mai kama ƙafa, ya sha ruwa. In ya ji ba ya iya ɗaga hannu zuwa ƙirjinsa, to matsi ya yi yawa, sai ya zame ta gefe. In wani ya faɗi, al'adar 'yan rok ita ce a buɗe masa wuri a ɗaga shi nan take.

8.0 Kammalawa

An ga yadda dare guda na kallon makaɗa yake farawa tun wata goma kafin ranarsa, da yadda irin tikitin da mutum ya saya yake yanke masa lokacin isowa, da yadda lokacin jirgin ƙarshe yake yanke masa lokacin fita. An kuma ga cewa kowace ƙa'ida a cikin jadawalin tana da dalili: tsawon lokacin shiga domin rarraba taro ne, binciken ƙofa da shingaye sun biyo bayan rayukan da aka rasa, wa'adin tashi kuma haƙƙin maƙwabta ne. Rok na gefe ya fara ne a ɗakin mutum 300, inda mai kallo zai biya kuɗi a ƙofa ya shiga, ya tsaya kamu ɗaya da mawaƙi. Irin waɗannan ɗakuna suna nan har yanzu a Gilasgo da Mancesta da Landan, kuma daga cikinsu ake samun masu cika manyan filaye. Amma da zarar ƙungiya ta kai ga tara mutum dubu saba'in, to ita da masu kallonta duk sun shiga hannun agogo. Wanda ya san haka tun daga gida, ya shirya tikitinsa da masaukinsa da matoshin kunnensa, shi ne yake samun sa'o'in nan biyu cikakku, har zuwa waƙa ta ashirin da uku.